Ranar da Balan-balan Suka Fashe a Ƙofar Gidanmu

Jama'a, kafin in ce komai, ina son wadda ta rubuto mini ta ce "ke dai kin cika tsoro, ko kaza ta fi ki zuciya" ta gyara zama. Gaskiyarki 'yar uwa, ban musa ba. Ina da tsoro. Sai dai ba a kasuwa na sayo shi ba, gadonsa na yi, kamar yadda wata take gadon dogon hanci ko yawan gashi. Yau zan gaya muku inda ya samo asali, da yadda wani bawan Allah mai surutun tsiya ya kusa kashe mana aure tun ba a ɗaura ba.

Mu biyu Mama ta haifa, Yaya da ni auta. Babanmu ya rasu ina sakandare. Mama ɗinkin labule take yi a gida, kuma kekenta ya sha mai har ba ya ƙara, sai dai raɗa. Haka gidan namu yake gaba ɗaya. Ba a buga ƙofa. Ba a sakin murfin tukunya. Talabijin ɗinmu sai ka matso kamar za ka gaya masa sirri sannan ka ji abin da yake cewa. Kowa takalminsa a bakin gado yake kwana, hancinsa yana kallon ƙofa. A bayan ƙofar falo akwai wata baƙar jaka da ta girme ni, cikinta tocila, ashana, maganin ciwon kai, bargo da biskit, kuma Mama tana canza biskit ɗin kafin ya lalace. Takalmi mai tsini kuwa, ko a mafarki. "In an ce a gudu fa?" Amsarta kenan kullum.

Abin da muka sani kawai shi ne an yi yaƙi a inda aka haife ta, tana yarinya, kuma ita kaɗai ta iso garin nan a hannun wata mata da ta riƙe ta. In ka tambaye ta fiye da haka, sai ta ce "ya wuce", ta sunkuyar da kai kan keke.

To ya wuce ɗin, amma ni da ban taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a fim, ban iya zama in ba ƙofa baya. Kullum akwai biskit a jakata. In waya ta yi ƙara, abin da ke fara zuwa raina shi ne wani ya mutu. Mafi muni, in na yi farin ciki sosai sai cikina ya ɗauki ciwo, ina jiran abin da zai biyo baya.

A shagon tabarau nake aiki. Ni nake taya mutane zaɓen firam ɗin tabarau, in riƙe musu madubi, in ce "wannan ya fi fito da fuskarki" ko da kuwa duka biyun ba su yi ba. Ranar da shagon ya cika shekara goma mai shagon ya ce sai an yi shagali, ya ɗauko mai kayan biki ya ƙawata wurin. Na zo da safe na tarar da wani dogo a kan tsani, riga ruwan lemo, yana ɗaura balan-balan a bakin ƙofa, yana waƙa, yana waya, yana kuma yi wa mai gadi tsiya, duk a lokaci ɗaya. Na ce a raina, Allah Ya ba matar wannan haƙuri.

Ina cikin goge wani gilashi kenan, sai ji na yi fau!

Wallahi ban san yadda aka yi ba. Na dai tsinci kaina a ƙarƙashin kantar shagon, gwiwoyina a ƙirji, hannuwana a kan kunnuwa, mayafina ya rufe mini ido ɗaya. Abokan aikina suka tuntsire da dariya. Kunya ta hana ni fitowa. Can sai na ga riga ruwan lemo ta sauko ƙasa. Ya zauna daɓas a kan tayil, nesa da ni kaɗan, ya jingina da kantar kamar dama nan ne wurin zamansa.

"Wurin nan fa da sanyi," ya ce. "Haya kike biya ko kyauta ne?"

Na ƙara jan mayafi na rufe fuska.

"Ni ne mai laifin. Na cika masa iska kamar yadda nake cika wa mutane kunne. Ki zauna abinki, ba wanda yake gaggawa. Zan ba ki labarin akuyar da ta cinye mana furanni a wani biki."

Kuma ya ba ni. Tun daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon kukan akuyar da na uwar amarya. Bai tambaye ni me ya same ni ba, bai ce in yi haƙuri ba. Sai da ya ji na yi dariya sannan ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya je ya kwance duk balan-balan ɗin da ke kusa da kantata ya mayar can waje.

Bayan kwana biyu ya dawo wai idonsa yana ciwo. Likita ya duba ya ce idonsa ya fi na likitan kyau. Ya sake dawowa wai tabarau na rana yake so. Ya gwada kusan rabin shagon. A ƙarshe ya tafi ba tabarau, amma da lambata. Na adana sunansa a waya da "Hayaniya", kuma har yau ban canza ba.

Ku ga irin saƙonninsa:

Hayaniya: Mai Gilashi, kin ci abinci?
Hayaniya: Ni na ci.
Hayaniya: Ba ki tambaya ba amma na san kina so ki sani.
Hayaniya: Kin yi shiru.
Hayaniya: Shirun nan lafiya?
Hayaniya: Ko ɗigo ne turo mini.

Sai in tura masa ɗigo ɗaya. Sai ya turo murya mai tsawon tafiyar kasuwa yana godiya.

Da farko na ɗauka rawar kai ce kawai. Sai wata rana muna zaune a bencin da ke gaban shagon da yamma, na ce masa don Allah ya yi shiru na minti ɗaya in ji da raina. Ya yi. Ina kallonsa ƙafarsa ta fara rawa, ya fara murza mabuɗin mota, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ba na iyawa," ya ce, yana dariyar da ba ta kai ido ba. "A gidanmu ba a shiru. Babana rediyo a aljihu yake yawo da ita, har unguwa ta sa masa Baba Rediyo. Da ita yake cin abinci, da ita yake barci. In batir ya ƙare sai ya kama waƙa. Yana yaro aka yi yaƙi a garinsu. Ni ban ga komai ba, amma in wuri ya yi tsit sai in ji kamar wani abu yana tahowa."

Na dube shi. Sannan na buɗe jakata na nuna masa biskit ɗina.

"Wannan fa?"

"In an ce a gudu," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya karɓi ɗaya ya ci, ya ce, "To in an ce a gudu, ni ina da mota."

'Yan uwa, a nan zuciyata ta tafi. Cikina kuwa ya yi ciwo har washegari.

Matsalar ita ce Mama. Yaya da ta yi aure, gidan da ke jikin namu aka kama mata, har ƙofa aka huda a katanga. Aikin da ta samu a wani gari haka ta haƙura da shi, don Mama ta daina cin abinci tun ranar da ta ji labari. Shi kuwa Hayaniya a can ɗaya ƙarshen gari yake, kusa da babansa, kuma can rumbun kayansa yake.

Na samu Mama tana kafa ƙugiyoyi a wani labule ruwan zuma. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na kama taya ta miƙa ƙugiya, na yi ta kewaye-kewaye har ta ce, "Auta, faɗi abin da ke bakinki kafin ya ruɓe."

Na faɗa. Ta saurara har ƙarshe.

"Me yake yi?"

"Kayan biki, Mama. Rumfa, kujeru, lasifika..."

"Lasifika." Ta ajiye allura. "A ina yake zaune?"

Na gaya mata.

"A'a," ta ce, a hankali, kamar yadda take faɗin komai. "Ba na ƙinsa, ban san shi ba. Amma in wani abu ya taso, ta yaya zan iso gare ki? Kuma mutanen da suke cika gida da ƙara ba sa jin abin da ke zuwa sai ya iso."

"Mama, ba abin da zai taso."

Ta ɗago ta dube ni. "Mu ma haka aka ce mana."

Na bi ta ƙofar katanga na faɗa kan gadon Yaya ina kuka. Tana ninke kayan yara, ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Kin gama? To tashi ki ji. Ni na haƙura, kuma ban ce na yi nadama ba, mijina mutumin kirki ne. Amma duk ranar da na ga mota mai zuwa garin da na samu aikin nan sai na bi ta da kallo. Ba na so ke ma ki koma mai bin motoci da kallo. Ki ce ya zo ya gaishe ta. Ni zan tsaya miki."

"In ya zo ya cika mata kunne fa?"

"Ki ɗaure masa baki da zare, ga shi nan da yawa a gidan."

Sai da Yaya ta yi sati tana lallashi kafin Mama ta ce to, ya zo, gaisuwa kawai. Na zauna na tsara masa dokoki:

Ni: Ba waƙa. Ba dariya da ƙarfi. Ka kashe ƙarar waya. Ka rufe ƙofa a hankali.
Hayaniya: Numfashi fa?
Ni: Kaɗan-kaɗan.
Ni: Kuma don girman Allah kar ka zo da motar kaya.
Hayaniya: An gama, ranki ya daɗe.

Ranar na sa doguwar rigata ruwan ganye mai ƙananan furanni a hannu, da farin mayafi, na ɗan zizara kwalli. Mama ta sa atamfarta mai duhu da take sawa in za a karɓi baƙon da ba a yarda da shi ba. Yaya ta dafa shinkafa da kaza, ta jera kofuna a faranti. Rana ta take sosai, irin zafin da ko ƙadangare yake neman inuwa.

Sai muka ji kiɗa yana tahowa daga bakin layi.

Na leƙa ta labule. Motar kaya ce, fara, an rubuta sunan sana'arsa da jan fenti, bayanta cike taf da balan-balan ja da ruwan gwal har suna leƙowa ta ƙofar da ba ta rufu da kyau ba. A gaba, kusa da Hayaniya da ke tuƙi, wani dattijo ne mai farin gemu da hula a karkace, yana kaɗa kai. Wayata ta yi motsi.

Hayaniya: Ki yafe mini. Ƙaramar motar ta ƙi tashi, kuma ina da aiki da yamma.
Hayaniya: Baba kuma ya ce ƙafarsa ƙafata.
Hayaniya: Na ce ya bar rediyon. Ya ce in bar hancina.

Yaya ta karanta ta kafaɗata, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na fara karanto duk addu'ar da na iya.

Shi ya so ya ajiye motar can nesa, amma Baba ya ce gwiwarsa ba ta son tafiya, don haka a gindin tagar falonmu aka tsaya da ita, cikin rana.

Baba Rediyo ya yi sallama da muryar da na tabbata bangon falon nan bai taɓa jin irinta ba. Ya zauna, ya gaishe da Mama, ya gaishe da Yaya, ya gaishe da ni, ya yaba labule, ya yaba kujera, ya tambayi wanda ya yi fentin silin. Daga aljihun rigarsa wata 'yar murya tana ta karanta labarin wasanni ƙasa-ƙasa. Hayaniya kuwa ya durƙusa a gefe cikin farar riga, ya haɗe baki kamar wanda ya guntsi ruwa, sai zufa yake yi. Tunda na san shi ban taɓa ganin ya yi shiru haka ba, har tausayi ya ba ni.

"Hajiya," in ji Baba, "yaron nan tunda ya ga 'yarki ya daina cin abinci da kyau. Da cokali biyu yake ci, yanzu ya koma ɗaya."

Mama ba ta yi murmushi ba. Idonta yana kan aljihunsa. "Alhaji, ko za a ɗan rage wannan abin?"

Ya taɓa aljihun, ya rage kaɗan, bai kashe ba. "Ki yi haƙuri da ni, Hajiya. Tare muka tsufa."

Na san fuskar Mama. Ta riga ta yanke hukunci, jira kawai take su sha ruwa su tafi. Yaya ta miƙe ta ɗauko farantin abinci.

Fau!

Kafin kowa ya motsa, sai fau! fau! fafafau! kamar ana ɓarin wuta a gindin taga.

Abin da ya biyo baya sai daga baya muka harhaɗa shi. Mama, wadda kullum take kukan ciwon baya, ta yi tsalle ɗaya ta fizgo ni da hannun dama, ta tura Yaya da kafaɗa, ta damƙo Baba Rediyo da hannun hagu, ta zuba mu cikin siririn lungun da ke tsakanin ɗakinta da kicin, wanda ba shi da taga. Baƙar jaka tana rataye a wuyanta, ban ga lokacin da ta ɗauko ta ba. Ta danne kaina ƙasa. Ta kifa wa Baba farantin kofuna a ka. Yaya tana tsugune da cinyar kaza a hannu.

Ƙarar ta ci gaba kaɗan, sannan ta tsaya. Rediyon ta faɗi a falo, batir ya fice. Gidan ya yi tsit.

A cikin shirun nan na ji wani abu yana kaɗawa, kaf-kaf-kaf. Farantin ne a kan Baba. Dattijon nan mai cika gida da murya ya dunƙule wuri ɗaya, ya toshe bakinsa da hannu biyu, jikinsa yana ɓari, idanunsa a buɗe amma ba mu yake gani ba.

Daga waje, inda ya ruga ya duba motar, muryar Hayaniya ta taso, kamar zai yi kuka. "Balan-balan ne! Mama, balan-balan ne, zafi ne ya fasa su! Wayyo na shiga uku."

Mama ba ta ko juya ba. Baba take kallo. A hankali ta sauke farantin daga kansa, ta ce, "Alhaji. Sauke hannunka. Ba kowa. Ka yi magana abinka."

Ya sauke. Ya ja numfashi. Ya dubi jakar da ke wuyanta.

"Shekararki nawa lokacin?" ya ce.

"Tara."

"Ni sha ɗaya."

Ba wanda ya tashi daga lungun. Hayaniya ya shigo da guntayen roba ja a gashinsa, ya ga yadda muke, ya zauna a bakin lungun.

Baba ne ya fara. Ya ce mahaifiyarsa ce ta tura shi cikin silin, ta ce ko me ya ji kar ya yi motsi, kar ya yi tari. Ya yi biyayya. Da ya sauko, unguwar gaba ɗaya ba motsin kowa, ko kaza. Ya yi ta tafiya shi kaɗai, har ya jiyo kiɗa daga nesa, ya bi sautin, ya tarar da mutane a wani sansani sun kewaye wata tsohuwar rediyo. "Tun ranar," ya ce, "ban sake yarda shiru ya same ni ni kaɗai ba."

Mama ta jinjina kai. Na zaci za ta ce "ya wuce". Sai na ji ta ce, "Mu a hanya muke, ni da yayata. Zabuwa ake ce mata, don in ta yi dariya har layi na uku ana ji. Ni kuma Tsigi, don ƙanƙanta. Ana ta harbi a bayanmu. Wata babbar mota ta tsaya, kowa yana rububin hawa. Ta ɗaga ni ta miƙa wa wata mata a sama. Kafin ta kama ƙarfen, motar ta tashi." Ta gyara jakar da ke wuyanta. "Ta biyo mu da gudu. Ina ihu. Ita kuwa dariya take yi mini don kar in ji tsoro, tana cewa, Tsigi, riƙe mini wuri, ga ni nan."

Yaya ta ajiye cinyar kazar a kan cinyarta, hawaye yana zuba. Ni kuwa sai a lokacin na gane dalilin da ya sa duk rayuwarmu Mama take dafa abinci da rarar mutum ɗaya.

Muka yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Har Hayaniya, da majina da komai. Muna cikin haka sai wani balan-balan guda da ya yi saura a mota, shi kaɗai, ya ce fau.

Duk muka zabura. Sannan Mama ta dubi Baba da hularsa da ta koma kan kunne, ta dubi Yaya da maiƙon kaza a zani, ta dubi kanta da jaka a wuya kamar mai shirin hawa jirgi. Wani sauti ya fito daga bakinta da ban taɓa ji ba. Dariya ce, jama'a. Ba murmushin nan nata na gefen baki ba, dariya ta gaske, har da riƙe ciki da buga ƙafa. Baba ya kama. Yaya ta kama. Muka yi ta yi a cikin lungun nan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

"Faranti!" Baba yana share hawaye. "Hajiya, da faranti za ki tare mini harsashi?"

"Ka gode Allah ba tukunyar miya na samu ba."

Da muka koma falo, Mama da kanta ta tsinto batir ɗin a ƙarƙashin kujera ta miƙa masa. Aka zuba abinci. Ta dubi Hayaniya da ke rakuɓe kamar ɓarawon da aka kama.

"Kai."

"Na'am Mama."

"An ce kana da surutu. Tunda ka zo ban ji ba."

"An hana ni ne, Mama."

"To na ɗage dokar. Amma in ka kuskura ka sake kawo mini waɗannan abubuwan ƙofar gida..."

"Wallahi ba zan sake ba."

"Ban gama ba. Sai dai ranar bikinku. Ranar ma ka ɗaura su inda kunnena ba zai kai ba."

Sai da maganar ta yi ɗan yawo a falon kafin ta shiga kanmu. Yaya ta rangaɗa guɗa, a gidanmu, da rana tsaka. Hayaniya ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya fara godiya bai san inda zai tsaya ba. Ni na rufe fuska da mayafi ina jiran cikina ya fara ciwo. Na jira, na jira. Yunwa kawai na ji.

Mutum ɗaya ne bai shiga murnar sosai ba. Baba yana riƙe da cokali, bai kai baki ba, yana ta satar kallon Mama. Can ya ajiye.

"Hajiya, zan faɗi wata magana. In ba haka ba ne, ki yafe mini, don ba na so in ɗaga miki rai a banza." Ya gyara hula. "Duk ƙarshen mako mutanenmu da suka tsira suna taruwa a gidana, mu sha shayi, mu yi surutu. Akwai wata baiwar Allah da ta fara zuwa bara, ɗanta ne aka canza wa wurin aiki ya dawo da ita garin nan. Tana ba da labarin wata mota. Da wata ƙanwa da ta miƙa sama."

Cokalin Mama ya tsaya a iska.

"Mutane da yawa sun miƙa yara a mota, Alhaji."

"Haka ne. Shi ya sa na yi ta juya maganar. Amma matar nan in ta yi dariya, rediyona ma ba a ji."

Mama ta ajiye cokalin. Ta dubi hannuwanta. "Yaushe suke taruwar?"

"Yau ne. Na baro su da shayi a wuta."

"Auta," ta ce, "ɗauko mini mayafina."

Haka muka ɗunguma cikin motar kaya, Mama da Baba a gaba, ni da Yaya a baya kan tarin kujeru, guntayen roba ja da ruwan gwal suna manne mana a riga. Hayaniya ya kira abokinsa ya ce ya je ya ji da aikin yamma. Tunda muka tashi hanya kawai Mama take kallo, unguwannin da ta yi shekaru a gari ɗaya da su ba ta taɓa takawa ba.

Gidan Baba ƙofarsa a buɗe take. Tun daga waje ana jin ƙarar kofuna da muryoyin tsofaffi suna gardama. Mama ta sauko, ta kama hannuna, tafinta sanyi ƙalau. Muka taka har bakin ƙofa. Sai wata mata a ciki ta kece da dariya, doguwa, mai hawa tana sauka, irin wadda take sa wanda bai san abin da aka faɗa ba ma ya murmusa.

Farcen Mama ya nutse a hannuna. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce, ta ƙaramar yarinya ce.

"Zabuwa?"

Dariyar ta yanke. Wani kofi ya faɗi ya tarwatse. Muka ji an ture kujera, muka ji takun wadda ba ta tsaya neman takalmi ba.

"Wa ya kira ni da wannan sunan?" Muryar tana matsowa. "Tsigi? Tsigi, ke ce?"